Ranar da Muka Kai Dutsen Yaya Falmata Haɗejiya

Daga gida zuwa Auyo

Mun fito bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Yayata Falmata za ta Haɗejiya gasar jifan dalma, wato ƙwallon ƙarfe mai nauyi, inda za a zaɓi 'yan mata biyu su je gasar jiha. Ni aka ce in raka ta. A zaure Baba ya ce, "Falmata, in ba su ɗauke ki ba, ki ajiye jifan nan. Na gaji da zolaya a majalisa." Ta ce, "To, Baba."

A gonar shinkafa Yaya ta sami ƙarfinta, wajen korar tsuntsaye da curin laka. Daga baya ta koma jifa da wani mulmulallen dutse. Shi ta ƙulle a ɗankwali ta miƙo mini, wai za ta ɗumama hannu da shi.

Ruwa ya cinye hanya, sai muka shiga kwalekwale. Yaya na zama ya karkata. Mai tuƙi ya ce, "Bintu, ke da buhun nan ku koma ɗaya gefen, ko kwa yi daidai da yayarki." Kowa ya yi dariya, har ita. Ni kuwa ciyawar kacalla ta bakin ruwa na yi ta kallo har muka tsallake.

Auyo zuwa Haɗejiya

A tasha muka sha koko da ƙosai, muka shiga mota tare da masu kwandunan kifi. A shingen da ke kusa da gari wani ɗan sanda ya nuna ƙullin da ke kan cinyata.

"'Yan mata, mene ne a ƙullin?"

Na miƙa masa. Ya ɗauka da hannu ɗaya, ƙullin ya rinjaye shi. Da ya kwance ya ce, "Dutse? A Haɗejiya babu ne?" Direba ya ce, "Yallaɓai, na waccan ne. Kar ka ɓata mata rai, da shi take gaisuwa." Na ja hijabina har hanci.

A filin wasa

Da hantsi muka isa. 'Yan matan makarantun gari duk da takalman gudu, Yaya da silifas, ta cire ta tsaya ƙafa ba komai. An zana da'irar jifa da farar ƙasa, ni na zauna a bayanta. Can cikin fili akwai wani dattijo mai furfura, shi ke ɗauko dalma bayan kowane jifa.

Jifan Yaya na farko ya wuce na kowa nesa. Sai kawai ta tsallake da'irar ta gaba, ta ruga ta riga dattijon ɗauka. Alƙalin wasa ya ɗaga jar tuta.

"Malama, ba a fita ta gaba! Ta baya ake fita. Jifan ya lalace."

"Yallaɓai, ai ba zan bar sa'an babana ya sunkuya wa abin da na jefa ba."

Aka kwashe da dariya. Wata a bayana ta ce, "'Yan fadama ke nan." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A jifa na biyu ta tsaya cik. Amma dattijon ya dafa ƙugu zai sunkuya, na ga yatsun ƙafarta sun motsa. Kafin ta ankara ta taka layi. Jar tuta kuma. Saura jifa ɗaya.

Ni ko a aji ba a jin muryata. Amma na san abin da Baba ya faɗa, na kuma san ƙafar nan za ta sake motsawa. Dalma na barin hannunta na miƙe na ƙwalla ihu: "Yaya! Baya! Don Allah baya!"

Duk fili ya juyo. Yaya ma ta juyo a firgice, ta fito ta baya ta nufo ni, ta ɗauka wani abu ne ya same ni. Farar tuta ta tashi. Jifan bai kai na farko ba, amma ta zo ta biyu. Da ta ga lafiyata lau, sai ta zagaya da gudu ta karɓi dalmar daga hannun dattijon, ta durƙusa. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Amma aikina ne, ki bar ni in ci abinci."

Yara kuwa suka bi mu har bakin ƙofa suna rera, "Yaya, baya! Yaya, baya!"

Komawa

Kafin magariba muka sauka daga kwalekwale. Labari ya riga mu, wani ɗan acaɓa ya kawo shi. Baba na zaure, bai ce wa Yaya komai ba sai, "Sannu. Yaushe ne na jihar?" Sannan ya dube ni.

"Bintu, ashe kina da murya? An ce har kasuwar kifi an ji ki."

Na ajiye dutsen a bayan ƙofa na shige ɗaki, na rufe fuska da filo. Daga nan nake jin Inna tana gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, Baba kuma a zaure yana ta maimaita wa maƙwabta, "Ai ta biyu ta zo."