Gidan da Na Zana Ba Makewayi

Shekaru kaɗan da suka wuce, ina ajin ƙarshe a sashen zanen gine-gine a Wudil, malaminmu ya ba mu aikin da duk wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara. Kowa ya je ƙauye, ya zauna da wani magidanci, ya ji irin gidan da yake so, ya zano masa.

Ni kuwa na ce abin ya zo da sauƙi, don ina da kawu a Kausani. Bayan doguwar gaisuwa ya lissafo mini: soro, ɗakuna huɗu, madafi, wurin rumbu, turken awaki. "Sannan bayan gida biyu, ɗana. Ɗaya kusa da soro saboda baƙi, ɗaya a ciki saboda iyali."

A lokacin manhajar ƙirƙirarriyar basira ta shigo, kowa na rawar kai da ita, ni ne ma kan gaba. Na kwashe maganar kawu yadda take da Hausa na zuba mata. Kafin in gama shan kunu ta fito da gida, kai, kamar a ɗauka a gudu! Har da lambu biyu a bayan ginin, da furanni da kujeru. Na ce lallai wannan abu akwai kyauta, har ƙari take yi. Na kwafe na buga, ban bi ɗaki-ɗaki na duba ba.

Ranar gabatarwa na manna zanena a bango ina ta zuba bayani. Malam ya gyara gilashi, ya bi zanen da bakin biro tun daga soro har ƙurya, ya dawo.

"Gida ya yi kyau," in ji shi. "To idan baƙo ya ci tuwo ya ƙoshi, ina zai kewaya?"

Na duba. Na sake dubawa. Wallahi babu makewayi ko ɗaya! Ashe manhajar ta ɗauki "bayan gida" a matsayin filin da ke bayan gini, shi ne ta shuka mana furanni har wuri biyu. Aji ya kece da dariya, wani abokina har da riƙe ciki. Ni kuwa gumi ya karyo mini, shekara guda nake gani tana zamewa.

Malam ya bari aka gama dariya, ya miƙo mini fensir. "Kana da zuwa la'asar. Da hannunka."

Na zauna na zana. Sai a lokacin na fara tambayar kaina abubuwan da ya kamata tun farko: kada makewayin ya fuskanci alƙibla, kada ya matso rijiya, kada baƙo ya ratsa tsakar gida ya gifta mata. Ana kiran salla na kai masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa hannu, ya ce, "Ka tsallake, amma da ƙyar."

Har yau ina aiki da manhajar, kuma tana rage mini wahala sosai. Amma na daina ɗora mata laifin ranar nan. Ita ba ta taɓa riƙe buta ba. Ni da na girma ina riƙewa, ni ne ban duba ba.