Fanshona na Farko

Ranar da fanshona na farko ya shigo, shekara biyu bayan mutuwar aurena, na kasa zama a gida. Na hau mota daga Birmingham sai Manchester, wajen ƙawata, ita ma bazawara.

"Yau ni zan ciyar da ke!" na ce mata tun daga ƙofa.

Muka ci gasasshen nama a unguwar Rusholme har muka kasa miƙewa. Da muka fito na hango wata kwat ruwan ɗorawa, na saye ta nan take.

"Hajiya, kuɗin wuta fa?" in ji ƙawata.

Dariya ta hana ni amsawa. Duk watan da kwat ɗin nake zama a falo, hita a kashe, ina ta leƙa madubi.