Gorar Yaya a Bakin Ƙofa

Tun damanar da yayana ya afka cikin kwatar da ruwa ya rufe a bayan kasuwar Adjamé ta Abidjan, da dilar atamfa a ka, bai sake yarda da ƙasa ba. Ko tuwo aka ajiye masa, sai ya caka cokali ya ga abin da ke ƙarƙashi.

Ɗansa guda ne, haihuwar Abidjan, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, Hausa kuwa sai an matsa. Tsakaninsa da uban gaisuwa ce kawai, ita ma a tsaye. Abin na cin Yaya. Sai ya lura yaron da abokansa na taruwa a tsakar gidanmu ran Lahadi suna wani wasa: taswira a kan tebur, 'ya'yan lido, kowa ya zama jarumi, ɗan nasa kuma shi ke ba da labarin kogon da suke kutsawa. Yaya ya ja kujera ya ce a sa da shi. Wallahi na ga murna a fuskar yaron.

Aka ce kowa ya zaɓi makamin da zai riƙe a cikin labarin. Samari suka kwashi takubba. Yaya ya tambaya ko akwai doguwar gora. Aka ce akwai.

Ranar farko gorar ta yi rana, ta tono wani rami da aka rufe da ganye. Shi ke nan, kai ya kumbura. Ya zunguri ƙasa, ya zunguri rufi, ya zunguri akwati, har wata tsohuwa da ta kawo musu ruwa a labarin sai da ta sha zunguri. Dodon da yaron ya ɓata lokaci yana shiryawa ya tsufa a ƙuryar kogo yana jira.

Wata Lahadi yaron ya kai su wata ƙofa.

"Baba, ƙofar nan petite ce, ƙarama, hanyar kuma ta lanƙwashe," in ji shi, yana lalubo Hausar da ƙyar. "Gora ba ta shiga. Ka ajiye, mu shiga tare."

"Me ke ciki?"

"Sai an shiga, Baba."

"To ku je ku gano. Ni zan tsare ƙofa."

Daga bakin murhu na ɗaga murya. "Haba Yaya! Kwali ne fa da fensir, ba kwata ba!"

"Ke ba ki taɓa faɗawa kwata ba," ya ce.

Suka shiga, suka kashe dodo, suna ihu da Faransanci. Yaya na zaune a gefen tebur yana gadin ƙofar da ba kowa a bakinta. Haushi ya kama ni, har na ƙona miya.

Lahadin da ta biyo baya Yaya ya fito da tebur tun azahar, ya jera kujeru. Ba wanda ya zo. Ashe samarin sun mayar da wasan gidan wani abokinsu a unguwar Treichville. Da magariba yaron ya dawo, ya gaishe shi a tsaye, ya wuce ɗaki.