Ganyen da Inna ta daka

A garin Jabal Awliya na tsinko ciyawar, bakin wata hanyar ruwa a gonar kawuna. Larabawa suna ce mata gurras. Ganyenta bibbiyu ne suna fuskantar juna, bakinsu kamar haƙoran zarto, furanninta ƙanana ne koraye, sai ka sunkuya za ka gan su. Duk jikinta gashi ne fari siriri. A sakandare an koya mana cewa kowane gashi rami gare shi kamar allura, kansa yana karyewa a fata ya zuba ruwa mai ƙuna.

Shekarun da ake kira kasha ke nan, lokacin da sojoji ke tare hanya su kwashe samari a lori zuwa yaƙin Kudu. Yayana yana sayar da takalma a wata kasuwar garinmu da ake kira Kasuwar Libiya, shi ke ciyar da mu. An ce ba sa ɗaukar mai cutar fata, tsoron kada ta bazu a sansani. Ni na kawo shawarar. Da na dawo gida unguwarmu Dar Salam na goga masa ɗanyen ganye a damtse, nan take wurin ya yi rudu-rudu.

"Wallahi ke muguwa ce," in ji shi, yana tsalle yana dariya. "Wannan ko ni na ga kaina sai na gudu."

Washegari na koma wajen kawu taya matarsa jego. Inna ta ɗauki sauran ganyen ta yi masa abin da ake yi wa kowane magani. Ta shanya a rana, ta daka, ta tankaɗe, ta ƙulla masa a leda da addu'a. Ganyen nan in ya bushe, harbinsa ya mutu.

Maƙwabcinsa na kasuwa ne ya ba mu labari. Da lorin ya tsaya, Yaya ya shige bayan rumfa yana ta goga garin a wuya da hannuwa. Ko ja fatar ba ta yi ba. Sojan ya kalle shi ya ce, "Kwalliya kake yi? Hau."

Har yau ko wasiƙa babu. In na ji ƙarar lori sai in fita in leƙa.

Inna ta ce hannu aka sa, wani ne ya karya maganin. Ta daina gaisawa da matar gidan da ke kallon namu. Jiya ma ta sake tambayata, "Ke da kika yi boko, me ya hana shi ci?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna."