Mumuni Bai Tashi Ba Sai An Ba Shi Hanya

Shekara ashirin ina rubuta wa mutane takardu a ƙofar gidan shari'a na Tawa, ban taɓa ganin mai bin doka irin Mumuni ɗan garin Bambeye ba. Har haushi yake ba ni.

Yana saurayi ya tafi Abijan, ya samu aiki a tashar jirgin ƙasa. Shi ne mai juya wa jirgi layi, shekara ashirin da shida. A nan ƙasarmu ta Ader babu ko taƙi ɗaya na ƙarfen jirgi, amma duk wanda ya zauna da shi sai ya koyi aikin. Jar tuta tsaya, kore wuce. Direba ba ya motsawa sai shugaban tasha ya ba shi hanya, ko da layin fayau yake har iyakar ganin ido. Wanda ya tashi da kansa, in ji Mumuni, shi ke kashe mutane.

Da zai tafi, ya ba ɗan'uwansa aron gonar da ya gada. Mai aro kan kai wa mai gona dami ɗaya kowace kaka, don kowa ya san mai ita. Mumuni ya ce a bar shi, me zai yi da gero a Abijan? Kafin ya dawo ɗan'uwan ya rasu, ɗansa Ashiru kuwa ya ce shi a gonar ubansa ya buɗe ido. Mai gari ya yi sulhu bai yiwu ba, magana ta zo birni.

Ni na rubuta masa takardar ƙara. Nan da nan ya haddace kalmomin gidan: mai ƙara, wanda ake ƙara, sammaci, ɗage zama. Ya ji daɗin wurin ƙwarai, don ba mai magana sai an ba shi izini. Sau huɗu aka aiko masa sammaci, sau huɗu yana riga mai shara zuwa.

Ranar hukunci ba a samu wanda ya taɓa ganin dami ba, alƙali ya ba Ashiru gona. Tafinta ya gaya wa Mumuni yana da damar ɗaukaka ƙara, ya faɗi wa'adin. Mumuni ya maimaita maganar da ƙarfi, yadda ake yi a tasha. Da ya fito na ce ya zauna mu rubuta yanzu.

"A'a, malam," ya ce. "Su munka baiwa magana. In lokaci ya yi, za su aiko."

Na ce wannan karon ba mai aikowa, shi zai motsa. Ya yi murmushi irin na wanda ya fi ka sani. Layi ya yi tsawo a gabana, na ƙyale shi, kuma wannan ƙyalewar tana damuna har yau.

Ya koma Bambeye ya jira. 'Yarsa Kadidiya ta ce kullum rigarsa ta zuwa kotu a goge take a rataye. Sai da hadari ya fara haɗowa, ya ga Ashiru na sharar gona, sannan ya zo ya ji ko takarda ta ɓata a hanya. Magatakardan kotu ya duba ya ce wa'adi ya wuce da kwana tara, hukunci ya zauna.

Na zaci zai yi faɗa. Ya cire hula ya mayar.

"Kwana tara," ya ce. "Ni ko minti guda ban taɓa yahe ma kowa ba."

Yanzu 'yan kayan tebur yake sayarwa a ƙofar gida. Kadidiya ta ce da damina yakan taka har gonar da safe, ya duba yadda gero ya yi. Ashiru kan ce, "Baba, shigo mana ka sha inuwa." Mumuni ya amsa gaisuwa, ya tsaya daidai kan iyaka, sannan ya juya gida.