Kaciyar da Ba a Yi Ba

Har gemu ya fara tsiro mini ba a yi mini kaciya ba. A Shinkafi wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wanzamin unguwarmu ya ƙi taɓa ni tun ranar da na yi famfara, haƙori ɗaya ya fita, jini ya ƙi tsayawa. Likita a Sakkwato ya ce jinina ba ya daskarewa, kada wuƙa ta kusance ni sai an yi mini wata allura da ke sa shi daskarewa. Allurar kuwa masu ba da agaji ne ke kawo ta, sai an dace ake samu.

Sa'o'ina suna wanka a gulbi, ni ina gefe ina gadin takalma, wai mura nake yi. Murar nan ta yi shekara da shekaru. Kunya nake ji kamar na yi sata.

Da allurar ta samu, sai aka ba Baba 'yan kwalabe a kwali, aka ce a ajiye a wuri mai sanyi kafin ranar da za a yi mini kaciyar a asibitin Ƙaura Namoda. Gidanmu ko wuta babu, balle firji. Baba ya kai wa wani mai sayar da zoɓo da ƙanƙara a kasuwa, mai firjin sola. Mutumin ya tambayi ko maganin mene ne, Baba kuwa bai iya ƙarya ba. Kafin la'asar har masu acaɓa sun sani.

Mai zoɓon ya so ya kyauta mana. A ganinsa, maganin da ke son sanyi, a ba shi sanyin gaske. Ya tura kwalin can ƙasa, cikin ƙanƙara.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta buɗe kwalin, ta ga kwalaben ruwan da ake haɗa maganin da shi sun daskare sun tsage, kwalin ya jiƙe. Ta ce ba za su yi kasada da raina ba. Muka hau mota muka komo.

Mun tarar da gida cike. Maƙwabta sun kawo ƙwai da kaji, kamar yadda ake yi wa yaran kaciya. Inna ta tare mu a zaure, ta dubi fuskar Baba ta gane. Ta miƙo mini wata babbar riga.

"Sa wagga," in ji ta a hankali. "Ka taka sannu, ka buɗe ƙahwahu."

Na sa. Na shiga ina tale ƙafa, mata suna yi mini sannu. Na kwanta a ɗaki ina cin ƙwan da ban cancanta ba.

Da yamma wanzamin nan ya shigo da sandarsa, ya dafa kaina.

"Barka, ɗana. Na daɗe ina jin nauyinka. Yau dai ka zan namiji."

Na ce, "Na gode, Baba," na juya fuskata bango.