Ramuwar Hajo Mai Mazarƙwaila

A Dandamisa idan ka ce Hajo sai an tambaye ka wacce, amma idan ka ce Hajo mai mazarƙwaila, ko ɗan yaye zai nuna maka gidan. A garin aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan mijinta Lado ya rasu ya bar mata 'ya'ya shida da gonar rake a fadama da tsohon injin matse rake. Da aka share makoki 'yan uwansa suka ce a sayar da injin, tunda ba sana'ar mace ba ce. Ta ce a bar mata. Ta ɗauki ma'aikata, ta riƙa tsayawa a kansu tun daga matsa har zuwa ɗurawa a kwanuka, kowace Laraba kuma tana kasuwar Makarfi da kayanta. Matan da ke sarin mazarƙwaila a hannunta sun bazu tun daga Kudan har Saulawa da Malikanchi.

Hajo ba ta da faɗa, ba a taɓa jin muryarta a waje ba. Sai dai ba ta mantuwa. Wani dillali ya taɓa ɗaga mazarƙwailarta a gaban mutane ya ce ta haɗa da ƙasa. Shekara tara ba ta sake sayar masa da ko guda ba, har shekarar da rake ya yi tsada ya zo ƙofar gidanta da kansa yana roƙo, ta aika masa da ruwan sha ta ce a gaishe shi.

Abu ɗaya take kashe wa kuɗi ba ta ji ciwo ba, shi ne kai yara Lambun Iliyasu da Sallah. Wani tsohon makaniki, Alhaji Iliyasu, shi ya kafa wurin a gefen titi kafin a kai Tashar Yari. Da hannunsa ya ƙera babban lilo mai juyawa sama, da ɗan jirgin ƙasa mai zagaya mangwarori, ya haƙa tafki ya zuba kwale-kwale biyu. Ba tsari a wurin sai na layi, wanda ya riga zuwa ya riga hawa. Alhajin yana zaune a ƙofa kan kujerar roba, ya san kowa da sunansa. Duk Sallah Hajo takan yi hayar motar ɗaukar kaya ƙirar kanta, ta kwashi 'ya'yanta da na maƙwabta, daga baya jikoki, ta dafa dambu a babbar roba, su shimfiɗa tabarma a inuwa su wuni. Shekara goma sha shida ba ta yi fashi ba.

Da Alhaji Iliyasu ya rasu, magada suka ba wani kamfani hayar wurin. Kamfanin ya turo manaja daga Kaduna, wani matashi mai suna Muhsin, mai yawo da wayoyi biyu a hannu. Shekarar farko aka kori tsofaffin ma'aikata. Jirgin ƙasan ya lalace aka bar shi a nan ciyawa ta fito ta tagoginsa. Ruwan tafki ya zama kore yana wari, aka kife kwale-kwalen a gefe. Lilo kuwa yana juyawa yana ƙugi kamar zai tsinke, kujeru uku an ɗaure su da waya. Kuɗin shiga dai ya ninka. Mutanen da suka saba da wurin suna ta gunaguni a cikin mota, amma ba su daina zuwa ba, don babu wani wurin kusa. Hajo ma ba ta daina ba.

Ƙaramar Sallah ta shekara ta uku ta faɗo cikin tsananin zafi. Jikarta Khairiyya, 'yar ɗanta Hamisu, tana da shekara takwas kuma tana da sikila. Rabin azumi a gadon asibiti ta yi shi. Hajo ce ta yi jinyarta, kuma abin da take lallashinta da shi ta sha magani shi ne alkawarin hawa babban lilo, wanda a baya ake hana ta saboda ƙanƙanta.

Washegarin Sallah suka sauka daga motar su ashirin da ɗaya. Mai gadi ya tare su ya ce an sauya tsari, yanzu sai an tura suna ta saƙon waya an kama gurbi, a ba ka lamba da lokacin hawa. Hajo ta ce ba wanda ya gaya musu. Ya ce an saka a intanet. Suka juya gida da yara suna kuka.

Surukarta Murja, uwar Khairiyya, malamar firamare ce, ita ta tura saƙon da yammar nan. Aka ba su ƙarfe biyu na rana. Kashegari suka isa tun sha biyu. A ƙofa aka karɓe robar dambun, wai an hana shiga da abinci, sai dai a saya a ciki. Aka ajiye ta a rana kusa da shara. Suka shiga layin lilo. Biyu ta yi, uku ta yi, layin bai motsa ba, domin akwai wata ƙofar gefe da ake shigar da yaran da iyayensu suka sayi jan zare na ɗaurawa a hannu, masu zuwa a motocin gida daga Zariya da Kano. Khairiyya ta tsuguna, leɓunanta sun bushe. Ƙarfe huɗu da rabi, saura mutum shida a gabansu, aka kashe janareta.

Hajo ta nemi manaja ta same shi a rumfar lemo. Ta gaishe shi yadda ake gaida mutum, ta tambayi aiki da iyali. Ya amsa yana danna waya.

"Ɗan nan, an ba mu ƙarfe biyu," ta ce. "Yarinyar nan daga asibiti take. Zagaye ɗaya kawai, ita kaɗai."

"Iya, an tashi. Ku sake kama gurbi."

"Shekara goma sha tara ina zuwa wurin nan."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta, ya dubi yaran da ke bayanta. "To ai shi ne abin da muke son gyarawa. Ku ne kuka mayar da wurin nan kamar kasuwar ƙauye. Wanda bai iya tsari ba ya zauna a gida."

Masu shan lemo suka yi dariya. Hajo ta juya. Ta goya Khairiyya duk da girmanta. A ƙofa ta tarar da awaki sun kifar da robar suna cin dambun. Ta ɗauki robar ta kakkaɓe ta hau mota. Kafin su isa gida ciwon yarinyar ya tashi, sai da suka ƙara kwana goma sha ɗaya a asibiti, tana juyi tana kiran ƙafafunta.

Ranar da aka sallame su Hajo ta kira Murja ɗaki.

"Wannan kama gurbin, ana biyan kuɗi kafin a ba ka?"

"A'a, Inna. Sai an je ƙofa."

"Idan aka kama ba a je ba fa?"

"Shi ke nan, gurbin ya tafi a banza."

"Idan ya cika?"

"Duk wanda ya tura sai a ce masa an cika."

Hajo ta murza carbinta. Ta tambayi yara nawa waya ɗaya ke kamawa, aka ce biyar. Ta ce Murja ta rubuta mata yadda ake tura saƙon a takarda, da manyan baƙaƙe.

Tsakanin Sallah da Sallah wata biyu ne da kwana goma, kuma rake ya ƙare, ba ta da aikin da ya fi wannan. Ba bikin da ta bari, ba suna, ba gaisuwar rasuwa. Ba ta sha wahalar shawo kan kowa ba. Mairo ta Saulawa an karɓe mata tuwon da ta dafa. Kulu ta Malikanchi kujerar lilo ta yage wa ɗanta sabon wando har da cinya, aka ce laifinsa ne. Wata a Kudan ta biya kuɗin jirgin ƙasa aka ce babu jirgi kuma ba a mayarwa. Kowace ta kawo wayarta da ta mijinta da ta ƙanwarta. Hajo ta ce a kama gurbi kada a je, sharaɗi biyu ne kawai, kada maganar ta fita, kuma idan an kira su su ce suna hanya.

Hamisu ya ji ƙishin-ƙishin ya same ta. "Inna, ki bar wa Allah. Akwai masu tallar ruwa da rake a ƙofar nan, su ma za su ji a jikinsu."

"Na sani. Na riga na aika musu kada su yi sari."

"Yaran fa? Ina za su je?"

"Ranar da 'yarka take ihu kai ka fita waje, ba ka iya tsayawa ba. Ni na tsaya."

Ya tashi ya fita.

Ranar ɗaya ga watan Babbar Sallah aka buɗe kama gurbi da hantsi. Kafin la'asar wayoyi ɗari da hamsin da ɗoriya sun cinye kwana ukun da ke bayan Sallah kaf. Masu motocin gida da suka tura daga baya aka ce musu an cika, suka nemi wani wurin. Labari ya zo wa Hajo ta bakin mai gadi, wanda matarsa ke sarin mazarƙwaila a hannunta, cewa manaja yana ta murna. Ya sayo man janareta, ya ɗauko masu kiɗa da lasifika, ya sa an soya kaji da shinkafa tukunya-tukunya, ya kuma gayyato shugabannin kamfani su zo su ga yadda sabon tsari ya karɓu.

Washegarin Sallah Hajo ta yi wanka ta saka sabuwar atamfa. Jikoki suna ta ƙunci a tsakar gida, ta raba musu nama ta fita ita kaɗai. Ta sauka a tsallaken titi, ta shimfiɗa ɗankwali a gindin mangwaro daidai ƙofar lambun, ta zauna.

An ɗaura balan-balan, kiɗa na tashi, lilo yana juyawa babu kowa a kai. Sha ɗaya ta yi. Wasu 'yan tsirarun da suka zo ba gurbi mai gadi ya kore su kamar yadda aka umarce shi. Azahar ta yi, baƙar mota ta kawo shugabanni uku, suka tsaya suna duba agogo. Muhsin ya fito ƙofa da takardar sunaye yana kiran lambobi ɗaya bayan ɗaya. Daga inda take tana jin muryarsa. Kowace ta ɗauka sai ta gaishe shi ta yi masa barka da Sallah ta ce ga su nan a hanya. Ya ce wa shugabannin damina ce, hanyoyin ƙauye sun lalace. Da la'asar sai ya ce a buɗe wa kowa, amma babu kowan. Shugabannin suka shiga mota ba su yi masa sallama ba.

Kwana na biyu ta dawo, haka aka yi. Kwana na uku aka fito da tukwanen shinkafa ana zubarwa a kwalbati. A ranar ne ya lura da ita, ya tsallako, rigarsa ta jiƙe da gumi.

"Iya, kwana uku ina ganinki a nan. Kin san wani abu ne?"

"Sannu da aiki, Manaja. Yaya iyali?"

"Ke ce?"

"Ni ai ban iya tsari ba. Ka ce wanda bai iya ba ya zauna a gida, to duk sun zauna. Ni ma kallo na zo."

Ya tsaya yana dubanta, ta ga bai ma tuna fuskarta ba. Wannan ya fi komai yi mata zafi. Ta gaya masa sunan yarinyar da shekarunta da kwanakin da ta yi a asibiti, a hankali, ta sa ya maimaita sunan. Ya ce zai kai ta ƙara. Ta ce ya san garin, Dandamisa, kowa zai nuna masa gidan.

Ya kai maganar gaban dagaci. Dagaci ya tambaye shi ko an karya ƙofa, ko an ɗauki wani abu, ko an zagi wani. Ya ce a'a. Dagacin ya ce shi bai san hukuncin wanda ya ce zai zo wasa bai zo ba.

Kafin kaka kamfanin ya sallami Muhsin ya mayar wa magada makullansu. Lambun ya yi shekara a rufe. Ba kowa ya yaba wa Hajo ba, wasu iyaye suka ce ta raba yara da wurin wasansu saboda fushinta, wata maƙwabciya ta daina gaishe ta. Daga baya Mukarrama, babbar 'yar marigayi Alhaji Iliyasu, ta nemo tsofaffin ma'aikatan mahaifinta ta fara gyara, ta zo har gida ta roƙi Hajo ta yi wa mata magana. Hajo ta ce sai ta ga jirgin ƙasa yana tafiya da idonta tukuna.

Muhsin kuwa bai samu wani aikin ba, ya buɗe 'yar rumfar cajin waya a Tashar Yari. A azumin bana ya roƙi limamin Dandamisa ya nema masa afuwa. Liman ya same ta a wurin dahuwa, tana tsaye kan kasko tana duba kaurin ruwan rake. Ya yi mata nasiha mai tsawo, ta saurara har ya gama.

"Allah ya saka da alheri, Malam. A ce masa saƙo ya iso."

"To kin yafe, Hajo?"

Ta ɗebo ruwan a ludayi ta ɗaga ta ga yadda yake zuba, ta ce wa ma'aikaci ya ƙara wuta.

"Ina dai tunani, Malam," ta ce.